C18, C8 ko Fenil: wane kolon za ka saya idan kuɗin biyu kawai gare ka?

Wata ƙanwata a wajen aiki, wadda ke bincikenta na digiri na biyu a kan gubar aflatoksin da ke kama gyaɗa, ta same ni a labo da takardar farashi a hannu. Kuɗin da aka ware mata bai wuce na kolon biyu ba, kuma kowa ya san idan aka yi odar irin waɗannan kaya, kafin su iso Maraɗi an sha jira. Ta ce, "Yaya, duk C18 aka rubuta musu, amma wani ya kusa ninka wani a kuɗi. In ɗauki mai araha kawai?" Na ce ta jawo kujera. Abin da na gaya mata ne na ga ya dace in faɗaɗa a nan, don ba ita kaɗai ke shiga wannan ruɗani ba.

Ga wanda bai saba ba, kolon shi ne ɗan bututun ƙarfen nan da bai fi kamu ɗaya ba, wanda ake ɗaura wa na'urar HPLC, wato na'urar da ke rarrabe sinadaran da ke cikin samfuri ta auna yawan kowanne. A cikinsa an danƙare ƙwayoyin silika ƙanana masu ramuka, an kuma lulluɓe su da wata shimfiɗa mai maiƙo. Famfo na tura ruwa gauraye da metanol ko asetonitiril ta cikinsa. Sinadarin da ke son ruwa ba ya tsayawa, yana bin ruwan ya fice da wuri. Wanda ke gudun ruwa, irin halin man gyaɗa, sai ya lafe a jikin shimfiɗar ya daɗe kafin ya fito. Ana kiran wannan juyayyen tsari saboda a tsohuwar hanya akasin haka ake yi: shimfiɗar ce mai son ruwa, abin da ake turawa kuma mai maiƙo.

Daɗewar da sinadari ke yi a ciki ita muke kira riƙo, kuma ana auna ta da lamba k. A kolon mai tsawon milimita 150 da faɗin 4.6, idan famfo na ba da mililita 1 a minti, abin da ba a riƙe shi ko kaɗan, kamar urasil, yana fitowa a wajen minti 1.5. Idan naka sinadarin ya fito a minti 6, sai ka cire 1.5 daga 6, ka raba da 1.5, ka sami k na 3. Ana son k ya zauna tsakanin 2 da 10. Ƙasa da 1, sinadarinka ya cakuɗe da dattin da ke fitowa a farko. Sama da 10 kuwa, zaman jira kawai kake yi kana ƙona asetonitiril.

To, bari mu fara da gardamar da aka fi yi, wadda a ganina ita ce mafi ƙarancin amfani: C18 ko C8. Lambar tana nufin yawan kabon da ke cikin sarƙar da aka ɗaura wa silika, 18 ko 8. C18 ya fi riƙo, C8 ya fi saurin saki. Amma jerin fitowar sinadarai a kansu kusan ɗaya ne. Idan abubuwa biyu sun manne wa juna a C18, da wuya C8 na kamfani ɗaya ya raba su. Sai dai su fito a mannensu da wuri. Abin da C8 zai ba ka, kana iya samunsa a C18 ta ƙara metanol, domin a ƙa'idar da ma'aikata suka saba da ita, ƙarin kashi 10 cikin 100 na metanol ko asetonitiril yana rage k kamar ninki biyu zuwa uku. Saboda haka wanda ya sayi C18 sannan ya ƙara da C8 a matsayin na biyu, kusan ya sayi abu ɗaya sau biyu. Inda kawai nake yarda da shi shi ne idan kundin ƙa'idojin magunguna da kake bi ya ambace shi. A kundin Amurka, USP, C18 shi ne L1, C8 shi ne L7, fenil kuma L11. In an ce L7, ka nemi L7, kada ka yi wa ƙa'ida wayo.

Inda maganar ke da nama shi ne bambancin da ke tsakanin C18 da C18. Fuskar silika cike take da ƙananan hannuwa da ake kira silanol, kuma a kansu ake ɗaura sarƙar. Sarƙar tana da kauri, don haka ko rabin hannuwan ba ta gama kamawa, sauran su zauna a buɗe. Kamfanoni na toshe wasu da ɗan ƙaramin sinadari mai suna tirimetilsilil, amma ba a taɓa toshe su duka. Silanol ɗin da ya rage yana da tsami. Da zarar pH, wato ma'aunin tsami da kanwa, ya hau, sai ya ɗauki caji, ya riƙa cafke duk sinadarin da ke ɓangaren kanwa. Matan gida sun san yadda kanwa ke kashe tsamin tsamiya; irin wannan shaƙuwar ce ke faruwa a cikin bututun. Kuma yawancin magungunan da ake kawo mana a duba ingancinsu 'yan ɓangaren kanwa ne: kinin, kulorokin, taramadol. Maimakon tudu mai tsini da kyau a kan allo, wato zanen da na'ura ke yi idan sinadari ya fito, sai ka ga tudu mai jan doguwar wutsiya, wadda ke shiga cikin maƙwabcinta ta ɓata lissafi.

Tsohuwar silika, wadda ake kira nau'in A, tana ɗauke da ɓurɓushin ƙarafa irin su baƙin ƙarfe da alminiyam, su kuma suna ƙara wa silanol tsami. Hypersil ODS da Spherisorb ODS2 'yan wancan zamanin ne. Sabuwar silika mai tsabta, nau'in B, ita ce a cikin irin su Luna, Zorbax Eclipse XDB, Symmetry da Inertsil ODS-3. Dukkansu L1 ne a takarda. Amma ka zuba taramadol a pH 7 a kan tsohon ka zuba a kan sabon, za ka rantse ba magani ɗaya ba ne. Ko a cikin sababbin ma riƙo bai zo ɗaya ba. Luna C18(2) na da kabon kashi 17.5 cikin 100 da faɗin fuska murabba'in mita 400 a kowane giram, shi kuwa Eclipse XDB-C18 kabonsa kashi 10 ne, fuskarsa 180. Na farkon zai fi riƙe sinadari mai maiƙo. Ba wai wani ya fi wani kyau ba ne, kowa da inda ya dace.

Ta yaya mutum zai gane halin kolon tun bai saya ba? An daɗe ana wannan aikin. A 1989 Tanaka da abokan aikinsa a Japan suka fito da gwajin da har yau ake amfani da shi. Suna auna riƙon fentilbenzin don sanin kaurin shimfiɗa. Suna gwama shi da butilbenzin don ganin yadda kolon ke bambance sinadarai biyu da kabon ɗaya tal ya raba su. Suna gwama tirifenilin, wanda yake a baje kamar faifai, da o-tafenil wanda yake a murɗe, don ganin ko kolon na gane siffa. Kafeyin da fenol na nuna silanol ɗin da ke buɗe. Na ƙarshe, wanda ya fi damun mai aikin magani, shi ne benzilamin da fenol, sau ɗaya a pH 7.6, sau ɗaya a pH 2.7. Idan wannan lambar ta yi girma ko a 2.7, to silikar mai tsami ce ƙwarai, kuma magungunan kanwa za su ja wutsiya a kanta.

Daga baya Snyder da Dolan da abokansu a Amurka suka tsara wata hanyar da ke ba kowane kolon lambobi biyar: H don gudun ruwa, S don gane siffa, A da B don mu'amala da masu karɓa da masu ba da haidurojin, C don kama masu caji. An auna ɗaruruwan kolon da ita, kuma bayanan na nan kyauta a intanet, har a shafin USP. Ka zaɓi kolon biyu, sai a fitar maka da lamba ɗaya mai suna Fs. Idan ba ta wuce 3 ba, ɗaya zai iya maye gurbin ɗaya. Idan ta yi girma sosai, sun bambanta. Mu da ke nesa da dillalai wannan lambar ta fi mana amfani fiye da kowa, ta fuska biyu. In kolon da ka saba da shi ya ƙare a wurin mai kawo kaya, ka nemi wanda Fs ɗinsa ya yi kusa. In kuma kana neman na biyu da zai raba abin da na farko ya kasa, ka nemi wanda ya yi nisa. Minti goma ne a waya, kafin ka sa hannu a takardar oda.

Yanzu fenil. Maimakon miƙaƙƙiyar sarƙa, zoben benzin ne aka ɗaura, wani lokaci a ƙarshen gajeriyar sarƙa mai kabon 6, abin da ake kira fenil-hekzil. Zoben yana shaƙuwa da zoben da ke jikin sinadarin da kake nema, don haka jerin fitowa na iya sauyawa gaba ɗaya. Wannan shi ne ainihin abin da kolon na biyu ya kamata ya ba ka. Sai dai akwai sharaɗi da mutane ke mantawa: wannan shaƙuwar ta fi bayyana a metanol, asetonitiril na danne ta. Na taɓa ganin wanda ya sayi fenil, ya yi ta tura masa asetonitiril, ya dawo yana cewa ai ba shi da bambanci da C8. Ba laifin kolon ba ne. Akwai ɗan uwansa PFP, mai fulorin biyar a jikin zoben, wanda ya ƙware wajen raba sinadarai masu kama da juna kamar tagwaye, amma halinsa na da wuyar sha'ani ga sabon hannu. Siyano kuwa, wanda shi ma wani nau'in shimfiɗa ne, ba na ba kowa shawarar ya fara da shi. Riƙonsa kaɗan ne kuma ba ya jure wahala kamar sauran.

Akwai wani nau'in da ya shafe mu kai tsaye saboda ɗaukewar wuta. Wasu magungunan na son ruwa ƙwarai, kamar amoksisilin da farasitamol, don haka dole a rage asetonitiril sosai kafin su tsaya. Hanyar USP ta amoksisilin kashi 4 cikin 100 kawai take sa wa. Idan aka matsa aka koma ruwa zalla a C18 na yau da kullum, ramukan silika masu maiƙo na neman tofar da ruwan. Muddin famfo na aiki, matsi na riƙe ruwan a ciki. Da zarar wuta ta ɗauke famfo ya tsaya, sai ruwan ya fice daga ramukan. Wuta ta dawo, ka yi allura, wato ka zuba samfuri a na'ura, ka ga abin da ke fitowa a minti 8 ya fito a minti 3. Haka ta faru da ni wata bazara, na kwana ina zargin kolon ya mutu, har na fara lissafin yadda zan gaya wa shugaban sashe. Ashe bai mutu ba. Wanke shi da rabi ruwa rabi metanol na ɗan lokaci ya mayar da shi yadda yake. Kolon da aka rubuta wa AQ, ko wanda aka saƙa masa wani yanki mai son ruwa a gindin sarƙa, ba ya wannan halin. Mai yawan aiki da magunguna masu son ruwa, wannan ya fi masa fenil.

Maganar pH kuma gajeriya ce. Silika ta yau da kullum tana zaman lafiya tsakanin 2 da 8. Ƙasa da 2 sarƙar na tsinkewa, sama da 8 silikar kanta ke narkewa, kuma zafi da fosfat, gishirin da ake sawa a ruwan don daidaita pH, na ƙara hanzarta hakan. Akwai ƙwayoyin haɗin gambiza, silika da kabon, irin na XBridge, waɗanda C18 ɗinsu ke jure 1 zuwa 12. A pH 10 yawancin magungunan kanwa na ajiye cajinsu, su ba da tudu mai kyau. Amma suna da tsada, kuma mafi yawan aikinmu ana gama shi a pH 2.5 zuwa 3 da fosfat, inda silanol ke kwance shiru.

Sai girma. Tsofaffin hanyoyi da yawa milimita 250 ne da ƙwaya mai maikuron 5. Yana da ƙarfin rarrabewa, amma kowace allura na cin lokaci da ruwa. Na 150 ya ishi mafi yawan aiki. Ƙananan ƙwayoyi 'yan ƙasa da maikuron 2, waɗanda suka bazu bayan kamfanin Waters ya fito da na'urar UPLC mai jure matsi sosai a 2004, suna da kyau a hoto, amma matsi na hawa daidai da murabba'in raguwar ƙwaya: daga 5 zuwa 1.8, matsi ya ninka kusan sau 8. Tsohuwar na'ura da matsinta ke tsayawa a bar 400 ba za ta ɗauka ba. Ga shi kuma rariyar da ke bakinsu ƙanana ce ƙwarai, mu kuwa daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ko'ina shiga take, har cikin kwalbar da ka rufe. Tsaka-tsaki shi ne ƙwaya mai dunƙulallen ciki da ɓawo mai ramuka a waje, maikuron 2.6 ko 2.7, irin Halo da Kinetex. Tana ba da kaifi kusa da na ƙananan a matsin da bai kai nasu ba. Idan bututan na'urarka gajeru ne sirara, ka gwada. Idan tsohuwa ce mai dogayen bututai, kaifin zai zube a hanya kafin ya kai ga idon na'ura, kuɗinka ya tafi a banza. Faɗin rami kuma, angstrom 80 zuwa 120 na ƙananan sinadarai ne, 300 na furotin ne, kada a ruɗe ka.

Wani abin da ba ya cikin takardar farashi shi ne zafi. Ƙarin digiri 1 na rage riƙo kamar kashi 1 zuwa 2 cikin 100. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maraɗi ke haura digiri 40, ɗakin da na'urar sanyinsa ke mutuwa tana tashi zai iya bambanta da digiri da yawa tsakanin safe da azahar. Sai tudu ya yi ta yawo, ka ɗora wa kolon laifi. Idan na'urarka na da tanderun kolon, ka sa shi a 40. Tanderun da ba ya sanyayawa ba zai iya riƙe 30 ba alhali ɗakin na 35.

Mu dawo ga ƙanwata da gyaɗarta. Aflatoksin huɗu take nema, kuma a C18 suna fitowa a jere: G2, G1, B2, sai B1 a ƙarshe. Ba su da caji, don haka duk wannan fargabar silanol ba ta shafe ta sosai ba. Kowane C18 na kirki zai raba su da ruwa da metanol da asetonitiril. Wahalarta na wani wuri. Tarayyar Turai ta ƙayyade maikurogiram 2 na B1 da 4 na jimillarsu a kowane kilo na gyaɗar da za a ci kai tsaye, wato abin da take nema ɗan mitsitsi ne a cikin tekun mai. B1 da G1 ba sa haske sosai a ruwa sai an sauya su da sinadari ko hasken fitila kafin su isa idon na'ura. Kuma kuli-kuli da tunkuza, in ba a tsabtace samfurin da kyau ba, maiƙonsu zai danƙare bakin kolon cikin 'yan makonni. Na ce mata ta sayi C18 biyu iri ɗaya, na sabuwar silika, 150 da 4.6, maikuron 5, na matsakaicin farashi. Ɗaya ya yi aiki, ɗaya ya zauna a akwati, domin in na farko ya toshe a tsakiyar bincike ba za ta sake tsara hanya daga tushe ba. Rarar kuɗin ta zuba a 'yan gadi, wato gajerun kolon da ake sawa a gaba su shanye datti, da matatan sirinji.

Da mai duba magunguna ne ya zo min da kuɗin nan, da ba haka zan ce ba. Shi ba ya sanin abin da gobe za ta kawo: yau katon na maganin zazzaɓi da aka kama a kasuwa, gobe ƙwayar da aka tsallako da ita daga iyaka. Na farkonsa lallai ya zama C18 na silika mai tsabta, wanda aka toshe silanol ɗinsa, mai ƙaramar lambar C a ma'aunin Snyder, ko da ya fi tsada. A nan ne araha ke zama asara. Na biyunsa ya duba rajistar samfuran da suka zo masa a shekarar da ta wuce. In masu son ruwa suka fi yawa, AQ. In haɗe-haɗen magunguna ne da ke manne wa juna, fenil-hekzil. Ɗalibin da ke koyon aiki kuwa, tsohon kolon da aka ajiye ya ishe shi; a kansa zai ga wutsiya da idonsa ya san abin da ake nufi.

Ko wanne aka saya, ranar da ya iso a gwada shi kafin a zuba masa samfurin gaske. Ba sai an kammala gwajin Tanaka ba. Hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, na da wani haɗi mai lamba SRM 870 wanda ya ƙunshi urasil, toluwin, etilbenzin, kinizarin da amitiriptilin, kuma mutum zai iya kwaikwayon rabinsa da abin da ke kan kanta. Urasil ya ba ka lokacin farko, toluwin ya ba ka riƙo da kaifin tudu, amitiriptilin a pH 7 ya tona asirin silanol. A rubuta lokutan, da matsi, da zafin da aka yi aikin, a littafi ɗaya da ba ya barin gefen na'ura. Bayan wata uku a maimaita. Idan toluwin ya fara fitowa da wuri, shimfiɗa ce ke zubewa. Idan yana nan inda yake amma amitiriptilin ya ƙara wutsiya, silanol ne ke buɗewa. Idan kowane tudu ya rabe biyu kuma matsi ya hau, bakin kolon ne ya toshe, sai a fara da sauya ɗan gadi. In an yi aiki da fosfat, a wanke gishirin da ruwa mai ɗan metanol tukuna, sannan a ajiye shi cikin metanol ko asetonitiril mai yawa, a murɗa masa murafunsa biyu.

Da ta tashi tafiya ta juyo ta ce, "Yaya, to littafin fa, kowane iri?" Na buɗe durowa na miƙa mata wani tsohon littafin 'yan makaranta mai shafi 100, wanda rabinsa ke cike da lokutan toluwin na wani kolon da ya yi mini shekara huɗu. Na ce ta fara daga shafin da na tsaya.